Hannuna a Ƙirjin Surukina

Fiye da shekara goma ina auren ɗansa, ban taɓa kallon surukina ido cikin ido ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa, kaina a ƙasa. Shi ma ba ni yake kallo ba, carbinsa yake kallo. Ya tambayi hanya, ya tambayi yara da makaranta, shi ke nan in tashi. Ban taɓa cin abinci a inda zai gan ni ba. Ɗana na fari sunansa aka sa masa, don haka shi ma yaron har yau ban kira shi da sunansa na yanka ba. Ba tsoronsa nake ji ba. Baba mutum ne mai sauƙin kai, ɗan kasuwar hatsi. In ya ci kasuwar Dutsin-Ma sai ya biyo ta ƙofar gidanmu, ba zai shigo ba, ya miƙa wa jikokinsa tsire a takarda ya ce a kai wa malama. Haka ake surukuta a ƙauyensu da ke gefen Wurma, haka na taso na ga ana yi a gidanmu a Kurfi.

Ni malamar firamare ce. A farkon shekarar da abin ya faru aka tara mu bita a wani aji, wasu ma'aikatan lafiya suka zo da mutum-mutumin roba, rabin jiki, ba hannu ba ƙafa. Dariya muka yi ta yi. Matar da ta koyar da mu ta bari muka gama, sannan ta ce in mutum ya yanke jiki ya faɗi, aka girgiza shi aka kira shi bai amsa ba, numfashi ya ɗauke ko kuma yana fita ɗaya-ɗaya kamar minshari, to zuciyarsa ce ta tsaya, kuma akwai ɗan lokaci kaɗan da za a iya tashin ta. Har ta kwaikwayi minsharin da bakinta, muka sake fashewa da dariya. Ta nuna mana yadda ake kwantar da mutum a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗayan a kai, a miƙe hannuwan, a danna da ƙarfi da sauri ba tsayawa. Ta ce ƙashin haƙarƙari na iya karyewa, kar a fasa. Wani malami ya tambayi zancen namiji da mace. Ta ce rai ake nema, wanda ba zai iya hura iska a baki ba ya danna kawai.

Daga nan ta buɗe wani ɗan akwati rawaya. Akwatin yana magana da kansa, yana faɗin inda za a manna wa mutum wasu abubuwa guda biyu a ƙirji, sai ya ba zuciyar wutar lantarki ta farka. Ta ce a wasu ƙasashe a jikin bango ake rataye shi, a tasha da kasuwa da filin ƙwallo, duk wanda ke kusa ya ɗauka. Wani daga baya ya ce a nan kafin gari ya waye an cire batirin. Da aka tashi suka maida akwatin da mutum-mutumin cikin mota suka tafi. Muka ci shinkafa muka watse, ni dai wuyan hannuna ya kwana yana ciwo.

Da dogon hutu na kai yara ƙauye, maigidana ya tsaya a Dutsin-Ma saboda aiki. Damina ta zauna, maza duk suna gona. Da hantsi ina bayan rumbu ina tankaɗe, na ji gyaran muryar Baba ya shigo ɗaukar buta zai yi alwalar walaha. Na ƙara matsawa baya yadda na saba, don kar mu yi kiciɓis. Sai na ji buta ta faɗi, na ji wani abu mai nauyi ya bi ta. Na ɗauka santsi ne ya kwashe shi, kuma dattijo ba zai so matar ɗansa ta gan shi a ƙasa ba. Salatin Inna, uwar mijina, shi ya fito da ni.

Yana kwance a tsakar gida cikin 'yar shara, hularsa can gefe. Inna ta ɗora kansa a cinyarta. Faccalata, matar ƙanin mijina, ta sheƙa masa ruwa, maƙwabta sun fara shigowa, wata na yi masa fifita da faifai, wata na cewa a kawo albasa a sa masa a hanci. Ni ina tsaye daga nesa, a inda na saba tsayawa. Wata tsohuwa da ake kira duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa a unguwar ta sunkuya ta dube shi, ta ce gargara ce, a daina wahalar da shi da ruwa, a ba shi kalima. Inna ta sa bakinta a kunnensa tana maimaita kalimar shahada. A nan na ji numfashin nasa. Shi ne minsharin nan da matar bita ta kwaikwaya muka yi mata dariya. Ya ja ɗaya, aka jima, ya ƙara jan ɗaya, sai shiru. Inna ta shafa idanunsa ta rufe, ta cire mayafinta ta lulluɓe masa fuska. Mata suka ɗauki kuka.

Ban tuna lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ga hannuna ya yaye mayafin. Na zare kansa daga cinyar Inna na kwantar da shi a ƙasa, na kama kafaɗarsa na girgiza ina kiran Baba, Baba. Wannan ne karo na farko da na taɓa jikinsa. Na durƙusa a cikin caɓi, na ɗora hannu a inda aka nuna mana, na fara dannawa. Ƙirjin mutum ba irin na roba ba ne, ya fi tauri, kuma da ɗumi. Ban yi nisa ba na ji wani abu ya ɓalle a ƙarƙashin tafina kamar an taka busasshen kara. Kukan matan ya tsaya cak. Na ci gaba. Faccalata ta tsaya min a kai baki buɗe, na daka mata tsawa na ce ta kira mijinta a waya ya zo da akori-kurar da suke kai hatsi kasuwa, yanzu-yanzu, ba tsayuwa na ce ta yi ba. Bakina kuwa ban iya kai shi nasa ba, ko yau ba zan ce zan iya ba.

Maza suka fara shigowa daga gona da taɓo a ƙafa. Na gaba shi ne Baffa, yayan Baba, da fartanya a kafaɗa. Abin da ya tarar shi ne matar ɗan ƙaninsa durƙushe a kan ƙaninsa, ɗankwalinta ya faɗi, kanta a buɗe, tana danna shi da dukkan ƙarfinta. Tsohuwar ta gaya masa ya riga ya cika, har an rufe shi, ni na buɗe.

"Ke, tashi daga kan gawar nan," in ji Baffa. Bai ɗaga murya ba. "Mi ya yi maki?"

Na ce, "Baffa, bai cika ba tukuna." Ban ɗago ba, ban tsaya ba.

Ya ce a janye ni. Na ji hannun wata a damtsena. Sai Inna ta yi magana daga inda take zaune a ƙasa.

"Ku bar ta. Ɗiyar nan ba ta taɓa yi mashi rashin kunya ba."

Ta jawo jiki, ta ɗauki ɗankwalina daga cikin ruwa, ta matse, ta ɗaura min a kai ina cikin dannawa. Hannun da ke damtsena ya sake ni. Baffa ya juya ya fita zaure.

Da motar ta zo aka ɗora shi a baya a kan buhunan da ba komai a ciki, na hau na ci gaba. Hanyar duk ta lalace da ruwa, motar na jefa ni gefe ina dawowa, ina neman wurin da hannuna yake. Na roƙi babban ɗan Baffa, magidanci da gemunsa, ya karɓe ni ko na ɗan lokaci. Ya ɗora hannu, ya danna sau ɗaya a hankali, ya janye, ya ce in yafe masa, ba zai iya danna Baba ba. Na maida hannuna na ci gaba. Hannuwana sun riga sun mutu, jikina kawai nake saki a kansu. Ba na jin tsoro, ba na jin tausayi, ba na jin komai. Ina ganin gonakin gero suna wucewa, wata mata ta ja awakinta gefe ta ba mu hanya. Akwatin nan rawaya ya yi ta faɗo min a rai, ina tunanin ko yanzu yana cikin wane kabad, a wane gari. Ba haushi nake ji ba, tunanin ne kawai yake zuwa yana komawa.

A asibiti a Kurfi wani ma'aikaci ya karɓe ni ya ci gaba da dannawa, suka shiga da shi. An ɗan jima likita ya fito ya ce sai haƙuri. Ya tambayi wanda ya danna shi a hanya, aka nuna ni, ya ce abin da ya kamata na yi. Na ce to. Ƙanin mijina ya sayo min ruwan leda, yatsuna suka kasa riƙewa, ya faɗi ƙasa.

Kafin la'asar an kai shi. Waɗanda suka yi masa wanka sun ga ƙirjin, sun ga inda jini ya kwanta da inda ƙashi ya lotsa, kuma magana ba ta tsaya a ɗakin wanka ba. A zaman makoki mata kan shigo su yi wa Inna gaisuwa, su juyo su gaishe ni, idonsu a kan hannuwana. Na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ni ce. Wallahi da a wani lokaci ne da na tanka mata, don ni ba mai haɗiye magana ba ce. Ranar ko kallonta ban yi ba. Na yi ta wanke kwanuka da kumburarren wuyan hannu, ina zuba tuwo ina miƙawa. Ban yi kuka ba, na jira ya zo bai zo ba. Maigidana ya iso daga Dutsin-Ma bayan an dawo daga maƙabarta. Ya ce min sannu, bai ƙara ba, har yau bai tada zancen ba. Baffa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban daina gaishe shi ba.

Inna na cikin takaba, wata rana da azahar gida ya yi shiru, ta aika a kira ni ɗakinta. Na zauna a bakin tabarma. Tana jan carbin Baba ta tambaye ni.

"Lokacin da na rufe shi, da sauran rai?"

Na so in ce mata babu, ya riga ya tafi. Bakina bai ba ni ba. Na ce ban sani ba. Na gaya mata abin da aka koya mana, cewa zuciya ce ke tsayawa, wani lokaci in an danna tana tashi, sau da yawa kuma ba ta tashi, ko da akwatin ne ba kullum ba. Na ce kwanansa ne ya ƙare. Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ba ta ce na yi laifi ba, kuma ko gaban wa za ta maimaita abin da ta faɗa wa Baffa. Amma ta ji ƙarar ƙashin nan, tana kusa, kuma har yanzu tana jin ta in ta kwanta.

"In nawa ya zo, ki ba ni kalima kawai," ta ce. "Kar ki danna ni. Kin ji ko?"

Na ce, "To, Inna."

Bayan ta fita takaba maigidana ya dawo da ita wurinmu a Dutsin-Ma. Tana da hawan jini, ni nake ba ta magani da safe kafin in tafi makaranta. Ɗakinta na kusa da madafi, duk motsinta ina ji. Ba mu sake yin zancen ba.

Kwanan baya da safe ina soya wa yara ƙosai, buta ta suɓuce mata a ƙofar ɗaki. Kafin ta gama cewa ba komai ina tsaye a kanta, na riga na naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ta dubi hannuwan nawa, ni ma na dube su. Ta miƙo min butar ta ce in ɗebo mata wani ruwan.