Man Indiya da Tabon Tinya

Ran wata Juma'a cikin Janairun 2014, ina gidan da ɗana Mustafa yake haya da abokan karatunsa a unguwar Madinat Nasr, ido ɗaya rufe da auduga saboda aikin yanar ido da ya kawo ni Alƙahira, sai na tuɓe hula zan yi alwala. Abokin zamansu, wani ɗan Indiya mai suna Abdurrahim, ya hango tsakiyar kaina tana ƙyalli, ya dafa ƙirji ya ce, "Ma'alish, ya Hajji," kamar wanda ya zo mini ta'aziyya. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalba. Mustafa ne ke mana tafinta, don Larabcina bai wuce na salla da "tamam" ba. Wai a ƙasarsu akwai ilimin magani na kaka da kakanni, Ayurbeda, kuma a wurinsu zafin jiki ne ke cin gashi. Sai a dafa man kwakwa da hulba da wani ɗan itace mai tsami da suke kira amla, a bari ya huce, a murza a kai da yatsu a hankali, a rage yaji, a rage fushi, a jira watanni. Na ce, "Mustafa, gaya masa wannan darasin na sha shi tun ina aji uku, kuma malamata ko mota ba ta taɓa hawa ba."

Malamar ita ce Iya, kakata. A lokacin ina da gashi, kada wani ya yi dariya, akwai shaidu, illa dai yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Gashin baƙi ne sil, ya cika kai, ko gammo ba na nema idan zan ɗauko tulu daga rafi. Sai makero ya fito mini, fari zagaye a tsakiyar ka. Kullum da hantsi, in an gama surfe na kai wa awaki dusa, Iya takan zaunar da ni tsakanin ƙafafunta a gindin rumbu, ta wanke kan da sabulun salo, ta shafa man kaɗanya da ta kwaɓa da garin lalle, tana murzawa har barci ya fara fizgata. Ta hana ni yajin ƙuli, abin da na ɗauka zalunci ne. Takan ce, "Zafi ne ya yi maka yawa, maigidana, kuma ba a kashe zafi da zafi." Makeron yana ja da baya, amma irin tafiyar Iya yake yi, sannu sannu.

Yayana Sale shi ne gwanina a duniya. Shi ke goya ni mu haye rafi da damina, shi ya yi mini danƙon harbin tsuntsu, in an kayar da ni a wasan langa shi ke rama mini. Sai ya fara zuwa zance wurin Ladi mai tallan dafaffiyar gyaɗa, ita kuwa bakinta ba ya hutawa, ta laƙaba masa "yayan mai makero" a gaban ƙawayenta. Ran kasuwa ya ce in shirya, zai kai ni tasha in ga jirgin ƙasa, wanda sai dai in ji kukansa daga gona. Na wanke ƙafa, na sa rigar salla, na bi shi ina tsalle. Kafin tasha sai ya karkata bayan kasuwa, rumfar wani mai magani. Yaya Sale da kansa ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa, mutumin ya kankare makeron da sakaina har jini ya fito, ya ɗiga mini nonon tinya, farin ruwan nan mai ƙuna da ko akuya ba ta kusanta. Ina ihu jirgin ya yi kuka ya wuce. Ko hayaƙinsa ban gani ba.

Kai ya kumbura, Iya ta yi kuka, ba ta sake amsa gaisuwar Sale ba sai bayan girbi. Gyambon ya warke, gashi bai dawo ba. A makaranta da na shigo aji sai yara su ce wata ya fito, har malami yana juya baya yana dariya. Na ajiye allo na koma gona, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya san inda zai kai ƙara. Yaya Sale kuwa ya rantse mini cewa makeron ne ya cinye gashin, kuma dama sanƙo gadonmu ne, in dubi Kawu. Na yarda, don yaya ne ya faɗa.

Abdurrahim ya yi ta murza mini mansa har na kusa komawa gida. Gefe da ƙeya suka ɗan tsiro da furfura, tsakiya ko gezau. Wata rana ya shafa wurin da yatsa ya ce wannan tabon ƙuna ne, saiwar ta mutu tuntuni, babu man da zai tashe ta, kuma da an bar tsohuwa ta ƙarasa aikinta da wataƙila ya fito.

Na sa Mustafa ya kira mini gida, na ba Yaya Sale labarin ɗan Indiyan da mansa. Na ce, "Yaya, ashe tinyarka ce ta cinye mini gashi." Na gyara zama ina jiran ban haƙuri. Sai ya ce, "Wace tinya kuma, Ɗanjuma? Kai dai in man nan na da kyau ka taho mini da kwalba biyu, nawa ya fara zuba."

A da ina da mai zaunar da ni a inuwa ta murza kaina ba ta gaji ba, da kuma yayan da in ya ce mu tafi ba na tambayar ina. Yanzu na hau jirgin sama, na shiga na ƙarƙashin ƙasa a Alƙahira har ya gundure ni, amma babu wanda zan sake bi a baya ina tsalle. Ashe ni kaɗai nake rumfar mai maganin nan har yau.