Kawu Ilu da Tukunyar Ɗumama Gida

Ku da kuka san Kawu Ilu a unguwar Xiaobei ta ƙasar Sin kun san shi da safa biyu a kowace ƙafa. Ko rana na narka kwalta sai ya ce, "Sanyi ba ya sallama." Allah Sarki! A garin da zafi ke cinye kusan duk shekara, shi kaɗai ya bi gida-gida har ya samo hayar da ke da tukunyar ɗumama ɗaki, irin mai aiki da gas, tana tura ruwan zafi cikin bututu zuwa wasu ƙarafa a bango. Ƙarafan nan lagireto yake ce musu, wai ai duk ɗaya ne da na mota.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Sabi'u. Tare muke zama, tare muke sayen jakunkunan mata a kasuwar Shiling muna turawa Kano. Shi ke fita kasuwa, ni ina gida ina ɗaure kaya, kuma ni ne tafintansa, don Sinancinsa bai wuce "nihao" da "laoban" ba, wato "sannu" da "maigida".

Da sanyi ya shigo, kafin ya fita sai ya kunna tukunya ya ƙure ta, wai ya dawo ya tarar da gida kamar ɗakin mai jego. Ni kuwa gumi har cikin ido. Yana fita sai in bi lagireton nan ɗaya bayan ɗaya in murɗe bawul ɗinsu in rufe ruwan, in buɗe kafin ya dawo. Ba a jima ba tukunya ta fara gurnani kamar buta a kan murhu, ta yi zafi fiye da ƙima, ta kunna jar fitila ta mutu. Kullum haka.

Na ce a kira mai gyara. Ya ce, "Ni da na yi shekara bakwai ina tuƙa Fijo tsakanin Kano da Maraɗi? Iska ce ta shiga lagireto."

Ya samo ɗan makulli ya bi su yana sace iskar, suna huci. A na ƙarshe baƙin ruwa ya tsartu a farar shaddarsa ta Juma'a. Ya dubi rigar ya ce, "Ka gani? Ta yi amai, ta warke." Washegari jar fitila.

Sai ya ce datti ne ya daskare a cikin bututu, fari kamar kanwa. Ya sayo ruwan khal jarka guda, ya kwance duk abin da zai kwantu ya jiƙa a bahon wanka. Kai! Mako guda gidan na tsami. Wani ɗan Yamai ya zo gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, wa ya rasu a nan?"

A lokacin nan zuciyata ta fara raya mini cewa ni ne sanadi. Amma bayan riga da khal, ta ina zan fara?

Da ƙyar ya yarda aka kira wani dattijo mai gyara, muna ce masa Shifu. Ya canza injin da ke tura ruwa, ya ce ba sauran matsala. Kwana biyu, jar fitila. Kawu ya tare bawan Allah nan a matakala yana yi masa faɗa da Hausa tsantsa: "Tsohon inji ka wanke ka sa mini! Sabi'u, fassara masa, kar ka rage ko ɗaya!" Na fassara. Wallahi na fassara, ina kallon ƙasa.

Rannan sai ga Kawu da Shifu sun shigo tare da azahar, ban buɗe bawul ko ɗaya ba. Shifu ya taɓa bawul na falo, ya taɓa na ɗaki, ya juyo ya kalle ni. Ya ce da Sinanci, yana maimaita "guan", wani ne ke rufe su duka, ruwan zafi ya rasa hanyar fita, dole tukunya ta tafasa.

Kawu ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce... ruwan garin ne ba shi da kyau."

"Na faɗa!" Nan take ya sa aka ɗaura wa bututu matacin ruwa. Ni kuma daga ranar ban sake taɓa bawul ba, tukunya ta lafa. Kawu ya cika gidan abinci da labarin yadda ya gano cutar da ta gagari ɗan ƙasa. Ya kai wa Shifu dabino da ganyen shayi ya ba shi haƙuri, kuma ni ya sa na riƙe ledar.

Bayan shekara biyu ciwo ya kama shi, aka ce ya koma gida. A filin jirgi ya miƙo mini makullin gidan ya ce, "In sanyi ya zo, ko bawul ɗaya ne ka bar wa tukunya a buɗe."

Na ce, "Kawu, ashe ka sani?"

Ya ce, "Kai, yaro! Shekara nawa ina jin masu shago suna ce mini 'guan, guan' suna jawo ƙofa? Ko jaki ne ni ai na san 'rufe'."

"Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"A gaban baƙo? In ce ɗan ƙanwata maƙaryaci ne? Gara a zagi ruwa."

Ya yi dariya har da tari. Ni na kasa. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, aka kira jirginsu, ya daki kafaɗata ya wuce. Wata uku tsakani aka bugo mini waya daga Kano.

Ya Allah, Kawu ya rufa mini asiri alhali ban cancanta ba. Ka rufa masa nasa, Ka yalwata masa kabari, Ka gafarta masa. Ni ma Ka yafe mini. Amin.