Gidan da Na Saya a Kumasi

Ni ba mai dogon karatu ba ne, kuma abubuwa da yawa sun shige mini, amma maganar gidan da na saya a Kumasi ba za ta bar raina ba har in shiga kabari.

Lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Na bar matata a ɗakin haya a Tudun Wada, na bi fatake Gwanja neman goro, har na yada zango a Kumasi. Shekara bakwai ina can, ni kaɗai nake ci, ni kaɗai nake jinyar kaina. Da na ɗan samu, sai na ce gida zan saya in ɗauko ta, zaman nan ya ishe ni.

Wani tsoho ɗan ƙasar ya sallama mini gida mai ɗaki uku a bakin zango. Na yi abin da na sani. Na kira liman, na tara shaidu, na raba goro, na kuma nace sai 'ya'yan tsohon maza biyu sun dangwala yatsa a takarda, tunda a wurinmu ɗa ke gado. Akwai wani mutum zaune a gefe yana kallonmu. Tafinta ya ce, "Malam, wancan ma a ba shi ya dangwala. Ɗan 'yar'uwar tsohon ne."

Na ce, "Ga 'ya'yan cikinsa, me zan yi da ɗan 'yar'uwa? Ko maƙwabta ma za ka kirawo mini?"

Aka yi dariya. Ɗan 'yar'uwar bai yi ba.

Na aika wa matata ta shirya, ina tafe bayan damina. Na shafe bango, na sa sabuwar ƙofa da kwaɗo. Damina ba ta ƙare ba tsohon ya mutu, sai ga sammaci, ɗan 'yar'uwar ya kai ni ƙara.

Ashe a can ɗa ba ya gadon ubansa, ɗan 'yar'uwa ke gado. Gidan ma na dangin uwa ne, tsohon riƙo kawai yake yi. Aka tsayar da ni gaban sarkinsu. Shaiduna fatake ne, kowa ya kama hanyarsa. Liman ya aiko wai ba shi da lafiya. Sarkin ya jujjuya takardata, ya ce ta bakin tafinta, "Ina hannun magaji? Ina kan sarkin da ake mannawa a ofishin Bature?" Na waiga baya, babu ko mutum ɗaya nawa.

Kwaɗona kawai aka bar ni na cire.

Da na iso Tudun Wada na tarar ta ɗaure kayanta, ta sayar da awakinta, har ta yi wa maƙwabta ban kwana. Ta ce, "Malam, yaushe ne tafiyar?" Na miƙa mata kwaɗon. Ta dube shi, ta dube ni, ta durƙusa ta soma kwance kaya. Har ta rasu a ɗakin hayan nan ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma da kwaɗon nake kulle ɗakin har yau.

Abin da na koya ke nan. In ka je ƙasar wasu, kafin ka tambayi kuɗin abu, tambayi wa ke da ikon sayar da shi. Wanda kuma aka ce ka kira, kira shi, ko kana ganin ba kowa ba ne.