Lema Kuma?

Shekarata ta farko a Abuja, ba wanda ya san sunana sai mai shayin layinmu a Kubwa. Ɗakin bayan gidan kawuna nake kwana. Safe in hau bas zuwa makaranta, yamma in dawo, ina ta latse-latsen waya, ba mai kula ni.

Sai wata lakcara ta raba mu gurup-gurup, ta ce kowa ya kawo dabarar sana'a. Wai tunani iri biyu ne, mai haifo abu da mai duba lafiyarsa, in ka haɗa su rana ɗaya na biyun zai shaƙe na farkon. Don haka makon farko an haramta "amma". Duk abin da wani ya kawo, ka ce "kuma", ka ɗora. Wanda bai samu mai ɗora masa ba, shi kaɗai zai tsaya gaban aji. Ni kuwa abin da nake gudu ke nan.

Da damina ne. Ruwa ya yi mana dukan tsiya a tasha, nan take na tura a gurup: hayar lema ga masu jiran bas.

Shugabanmu, wani gaye da bai taɓa bin layin mota ba, ya turo: "Lema kuma?"

Wani ya ce: "A Abuja kuma?"

Kai! Ba su karya doka ba, amma sun binne ni da raina.

Akwai wata 'yar Ibo daga Karmo, a kasuwa ta koyi Hausa, ba ta san "kuma" ta rainin wayo ba. Ta ɗauka ɗorawa suke. Ta rubuta: "Kuma kwandasta ya karɓi lema, shi yana wurin kullum. Kuma in rana ya yi zafi ma."

Ihu na yi a bas, har wata mama ta ce, "Ɗan nan, lafiyarka?"

Mako na biyu aka saki "amma". 'Yar Ibon nan ce ta fara yanka ni: "Oga, amma wa zai dawo da lema? Kai za ka dawo?"

Na ce, "Wallahi a'a."

Nan dabarar ta mutu, ba ko jana'iza. Ko haushi ban ji ba, don sai wanda ya bi ka har ƙarshen hanya yake ganin raminta.

Mu biyu muka tsaya gaban aji, muka ba da labarin mutuwar lema, aka yi ta dariya. Da aka tashi ta ce, "Sai gobe, oga," ta nufi motar Karmo. Ashe ba sashenmu ɗaya ba. Darasin ne kawai ya haɗa mu, shi kuwa ranar ya ƙare.