Hayaƙin Kulsumi Mai Banda da Hancin Jikanta

A Argungu in baƙo ya tambayi gidan Kulsumi mai banda, ba a wahalar da baki wajen kwatance. Sai a ce ya ɗaga kai, inda hayaƙi ya fi kauri ya nufi can. Tun tana 'yar shekara goma take bandar kifi a gefen uwarta, da ta auri Bawa masunci kuwa, gangunan banda uku ta fara jerawa a tsakar gida kafin ta jera kwanonin ɗakinta. Shi ya kamo tarwaɗa daga gulbi, ita ta lanƙwasa su ta shimfiɗa bisa raga, ta hura itace ta barbaɗa ƙaiƙayin shinkafa. Kajin da ta sayo farare, wata guda ya ishe su su koma ruwan toka. Kifinta kuwa ba a kushe shi, har daga kudu ake aiko mota.

'Ya'ya bakwai ta haifa a cikin hayaƙin nan, kuma ba ta gajiya da faɗin haka. Autarta Rahma ta auri Junaidu, mai shagon cajin waya a Badariya cikin Birnin Kebbi, mutum mai ladabi wanda bai taɓa kallon surukarsa ido cikin ido ba. Da cikin Rahma na fari ya kai wata bakwai, ta dawo gida goyon ciki. Kulsumi ta ba ta ɗakin da ke daf da ganguna, wai ya fi ɗumi. Aka haifi Musaddiq, aka yi wankan jego da itace kamar za a dafa giwa, turaren wuta safe da yamma. Da yaron ya yi ƙwari, a bayanta Kulsumi ke goya shi tana juya kifi.

Bai cika shekara biyu ba atishawa ta kama shi. Ba irin ta kowa ba, jere yake yin ta, hanci na zuba, ido ja, yana murza hanci da tafin hannu. Kakansa Bawa ya taɓa ƙirgawa da carbi, ya kai goma sha huɗu kafin ya ɓata lissafi. An sha maganin mura har kwalabe suka cika taga, a banza.

Abin da ya fi ci wa Kulsumi rai shi ne duk ranar da aka kawo shi Argungu ta miƙa hannu ta ce, “Taho nan, mijina,” da ta rungume shi sai ya fesa mata a fuska, ya zame ya gudu. Maƙwabta suka samu abin tsokana, wai angon ya sake ta. Ita kuwa ta yanke hukunci: “Hancin dangin ubanai ne. Mu ba mu da irin wanga hanci.”

Junaidu ya daɗe yana zargin hayaƙin, amma wa zai faɗa wa suruka haka? Ya roƙi Rahma ta faɗa, ta ce ita ma tana son ranta. Sai ya yi dabara, ya aika cewa za a kai yaron asibiti, kuma ba a son a je ba tare da babba ba. Kulsumi ta ɗaura zanenta na biki ta hau mota.

Likitar, wata matashiya mai suna Humaira, ta haska hancin yaron ta ce ba mura ba ce, hancin ne ke bori da ya shaƙi abin da ba ya so. Sannan ta tambayi inda Rahma ta yi rainon ciki.

“Wurina,” in ji Kulsumi tana gyara zama. “Ni nir riƙe ta.”

“Ana hayaƙi a gidan, Inna?”

“Hayaƙi? Ɗiyata, ganga ukku ba su mutuwa, rani da damina. Tambayi kowa.”

Junaidu ya sunkuyar da kai ƙasa sosai, kafaɗunsa na ɗan rawa don dariyar da yake dannewa. Likita ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ne sanadi ba, amma hayaƙin da mai ciki ke shaƙa, da wanda jariri ke shaƙa, yana iya sa hancin yaro ya tashi da irin wannan bori.

“Shekara hamsin ina shaƙa tai, mi yay yi min?” Kulsumi ta faɗa da ƙarfi, sai tari ya sarƙe ta. Ta yi, ta yi, har Rahma ta miƙa mata ruwa. Likita ta jira ta gama. Kulsumi ta share ido ta ce, “Wanga na gado ne. Innata ma da shi tar rasu.”

Likita ta juya ga Junaidu ta tambayi gidansu na Badariya. Rahma ce ta amsa, ta ce janaretan shago a bayan tagar ɗakin kwanansu yake, yana aiki daga safe har magariba. Kafaɗun Junaidu suka daina rawa. Kulsumi ba ta dube shi ba, kunya ta hana. Bango ta fuskanta ta ce, “Ashe hayaƙin birni ma hayaƙi ne. Nawa dai ko banza ana cin kihi.”

Aka ba su magani suka fito, ba wanda ya ci nasara. Mako biyu Kulsumi tana banda tana mita. Amma abin na cin ta, don haka ran da Rahma za ta zo da yaron, ta yi wanka sau biyu, ta aro zane da ɗankwali wurin maƙwabciya, ta tare su a bakin tasha. Musaddiq ya shinshina ta, ya dube ta kamar baƙuwa, ya hau cinyarta ya yi barci. Ta zauna kan bencin mai shayi fiye da awa guda, ƙafarta ta yi tsami, ba ta motsa ba.

Washegari ta sa Bawa ya kwashe gangunan zuwa fili a bakin gulbi. Ta kuma aika wa Junaidu kwandon kifi da saƙon cewa tana gaishe shi, tana gaida janareta. Kafin Juma'a ya sayo doguwar waya ya mayar da janaretan can ƙarshen kangon da ke bayan gidansu.

Musaddiq bai rabu da atishawa gaba ɗaya ba, lokacin sussukar shinkafa takan dawo, amma yanzu yana kwana a gidan kakarsa. Bawa ne kaɗai ke ƙorafi, wai tun da hayaƙi ya bar gidan sauro suka tare da iyalansu, shi da bai taɓa sanin gidan sauro ba yanzu a ciki yake kwana kamar kifi a taru.

A bakin gulbi kuwa Kulsumi ta kafa doka: mai ciki da mai goyo ba sa matsowa kusa da ganga. Kwanan baya wata mai ciki, Riskuwa, ta zo sayen kifi, Kulsumi ta tsayar da ita tun daga gindin giginya.

“Tsaya nan! Nawa kika so?”

“Inna, ai sai na zaɓa!”

“Ki zaɓa in kin haihu kin yaye. Yanzu wanda nib ba ki shi za ki ci!”