Lokacin da Bakin Inna Ya Kulle

Masu tambayar ina Ishaya ya shige, ga ni. Masu murnar bakina ya mutu a dandalin nan kuma, ku yi haƙuri, yana nan. Jinyar mahaifiyata nake yi tun kaka.

Inna tana yankan riɗi a gonarmu ta wajen Gagarawa, kututturen kara ya soke ta a tafin ƙafa. Ko jinin kirki bai fito ba. Ta shafa toka, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aiki.

Bayan 'yan kwanaki ta ce muƙamuƙinta ya yi nauyi. Sai cokalin koko ya ƙi shiga. Sai wuya ya sandare.

Ina Maigatari wajen gyaran babura aka kira ni. Na tarar da dangi sun kewaye ta, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu. Na wanke su tas, na ɗauko mota. Wannan faɗan ban yi nadamarsa ba.

A asibiti a Gumel likita ya duba bakin, ya duba ƙafar. Ya ce, "Tetanus ce, ta nan ta shiga. Za mu yi iya namu, sauran na Allah ne."

Aka buɗe raunin aka wanke. Allurai, ƙarin ruwa, robar abinci ta hanci. Allurar kashe dafin ciwon sai daga Kano aka aiko. Muka sayar da riɗin da ya jawo ciwon, da akuyoyinta, da akwatin kayan aikina.

Aka sa ta ɗaki ita kaɗai, aka toshe taga da bargo. Ba haske, ba ƙara. Ko kwano ya faɗi, bayanta sai ya lanƙwashe kamar baka, numfashi ya tsaya, kuma idonta biyu, tana jin komai.

Ban yi nisa a makaranta ba, ni na koya wa kaina karatu, kuma duk abin da na samu sai na karanta. Na karanta ciwon nan a waya har na gwammace ban iya karatun ba.

Ranar Lahadi na fita sayen magani, sai matan zumunta na cocinmu suka zo, Mama Saratu a gaba, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Mu dai haka muka tashi, mara lafiya a kewaye shi da waƙa da tafi da addu'a mai ƙarfi. Tun daga baranda na jiyo su.

Na banke ƙofa. "Ku fita! Kashe ta kuka zo yi?"

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Leɓɓan Inna suka yi baƙi. Ma'aikata suka shigo da gudu da tukunyar iskar numfashi, aka tura mu waje.

Da ta lafa, nas ɗin da ke kula da ita, Malama Hadiza, ta ja ni gefe. Ta ce, "Su ba su sani ba. Kai ka sani, kuma muryarka ta fi tasu gaba ɗaya."

Duk rayuwata in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Yanzu an ce faɗan zai kashe mini uwa. Na rasa inda zan kai tsoron.

Kashegari Mama Saratu ta dawo. Na ɗauka ramawa ta zo yi. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ce, "Zo zauna, sarkin baki, mu yi addu'a."

Na ce, "Mama, ba ni da abin faɗa wa Allah. Matar da ba ta taɓa fashin sujada ba, dubi yadda ya bar ta. In na buɗe baki faɗa zan yi masa."

Ta ce, "To yi masa a ciki. Yesu ba kurma ba ne. Mu ma sai jiya muka gane."

Tun daga ranar matan zumunta suke zuwa bi da bi, su zauna shiru, leɓɓa kawai ke motsi. Wani mai wucewa har gaisuwar mutuwa ya yi mana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron bai tafi ba. An kawo wani manomi daga wajen Ɗanzomo da irin ciwon, shi bai koma gida ba. Ni dai ina zaune a duhu kusa da gadonta, taɓa ta ma an hana, in tsoro ya taso mini sai in ce a raina, "Yesu, ni na kasa riƙe ta. Kai riƙe ta, in nan ne, in can ne." Kalmar ƙarshen nan ta daɗe kafin ta yarda ta fito.

Makonni suka shuɗe. Lanƙwashewar bayan ta fara jinkiri. Yatsa ya shiga tsakanin haƙoranta, daga baya cokali.

Wata safiya na ji murya daga gadon Inna kamar ta tsohuwar da ban sani ba: "Auta, kai ma ciwon ya kama ka ne? Ban ji bakinka ba."

Na fita waje na yi kuka, don kada in tayar mata da ciwon.

Yanzu tana gida. Ta rame, tana dogara sanda, baya na damunta. Noman bana babu tabbas, ni kuma aron sifana da sauran kayan gyara nake yi. Amma tana tauna tuwo da haƙoranta.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likita, da Malama Hadiza da ta gaya mini gaskiya, da iyayena matan zumunta da na kora suka dawo.

Ku ji nan. Kara ko ƙusa ko lauje ya ji muku ciwo, ku wanke da ruwa da sabulu, ku je asibiti a yi muku allura. Ban da toka, ban da kashin shanu. Baki ya fara nauyi, kada ku tsaya taron dangi.

In kun je duba mara lafiya, ku tambayi ma'aikata kafin ku ɗaga murya. Allah yana jin wanda ya yi shiru. Ni da kuka sani da baki, na gwada.