Ƙafar Surukin Ruƙayya

Ni da Ruƙayya benci ɗaya muka zauna a lakwal, wato makarantar boko, kuma in za a faɗi gaskiya na fi ta kai. Yau ga ni ina sayar da kayan miya a kasuwar Madarumfa, ita kuwa tana yawo da farar riga, tsofaffi suna ce mata likita. Ba na jin haushi. To, wani lokaci nakan ji kaɗan.

Sai a zama na biyu ta ci jarrabawar gama kwaleji, sannan ta tafi makarantar kiwon lafiya a Maraɗi, shekara uku. Ranar da aka fara koya musu wankin ciwo sai da ta fita ta yi amai bayan ɗaki, ta kurkure baki ta koma. Da ta gama, aiki bai zo ba. Shekara biyu tana zuwa asibiti a matsayin ƴar sa kai, kafin a ɗauke ta kwantaragi a tura ta wani ƙauye wajen garin Sarkin Yamma. Can, da damina, ita kaɗai ke duba yara masu zazzaɓi har layi ya kai gindin dogonyaro. Bayan ta auri Zakari aka dawo da ita gida, aka ba ta ɗakin wankin ciwo.

Uban Zakari, Malam Ɗan Azumi, masunci ne a tabki. Shi ya tsaya kai da fata cewa aure ba zai raba Ruƙayya da aikinta ba. Amma akwai kunyar surukai. Shekara huɗu suna gida ɗaya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ta same shi a zaure sai ta tuɓe takalmi ta durƙusa, ido a ƙasa. Shi ma in yana da magana da ita, matarsa Inna Amina yake aikawa.

Da bazara ta lura tsoho ya fara sa safa. Masunci da safa, ana wannan zafi! Ya daina shiga ruwa, wai kifi ya yi ƙaranci. Wata safiya ta gifta kusa da tabarmarsa, sai ta ji warin da ta sani daga wurin aiki. Ta matsa wa Inna, Inna ta fashe da kuka. Ƙayar tarwaɗa ce ta soke shi a ƙafa sati uku da suka wuce, ga shi da ciwon suga, kuma ya hana a faɗa. Asibiti ba zai je ba, don ya san duk mai ciwon ƙafa ɗakin surukarsa ake turawa.

Zakari ya yi magana, uban ya daka masa tsawa. Ruƙayya ta turo abokin aikinta namiji, tsoho ya ba shi shayi da labarin kifi, ya sallame shi bai cire safa ba. Ran nan ta zo rumfata idonta jawur.

"Sakina, in an ƙara sati guda yanke ƙahwar ga za a yi. Na ga irinta."

Na ce ta bar wa Allah, abin da nakan ce ke nan in ban san mafita ba. Ta harare ni, ta ce gobe in zo in riƙe mata tire.

Da hantsi, lokacin da tsoho ke zaune a ƙofar zaure mutane suna wucewa, ta fito cikin farar rigarta. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa nesa kaɗan, cikin rana. Inna tana tsaye tsakaninsu.

"Inna, hwaɗa ma Baba ba ni tashi sai na ga ƙahwa."

Tsoho ya dubi matarsa. "Hwaɗa mata ta tai wurin aikinta."

"Hwaɗa mashi yau aikina na nan."

Ƙasa tana cin gwiwarta, gumi yana ɗiga daga haɓarta, hannuna ya gaji da tire. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Na ji tsoro ƙwarai, don na san zuciyar tsohon. Amma mutum ba ya korar surukarsa da bakinsa, ba ya kuma barin ta durƙushe cikin rana duniya tana kallo. Ya yi tsaki, ya ja jiki zuwa cikin zaure, ya juya fuska bango, ya miƙo ƙafa.

Da almakashi ta yanke safar, don ta manne. Ni dai na kau da kai. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta, sai da ta gama ta fita na ga tana share hawaye da gefen ɗankwali. A ranar aka ɗora shi a amalanke zuwa wurin babban likita. Ƙaramin yatsa ya riga ya mutu, an cire shi. Sauran ƙafar, likita ya ce sai an wanke kullum, in ba ta yi kyau ba sai a kai shi Maraɗi.

Sati shida ta yi tana wanke ta kowace safiya kafin ta tafi aiki, fuskarsa a bango, Inna tana kai saƙo.

"Hwaɗa mata da zahi."

"Hwaɗa mashi ya yi haƙuri. Kuma na ga sukarin da ya ɓoye ƙarƙashin tabarma."

Wasu mata a kasuwa suka ce boko ya cire mata kunya. Guda ta faɗa a gabana, na ƙwace tattasaina daga hannunta na ce ta je ta saya gaba. Ruƙayya kuwa maganar ta yi mata ciwo, amma ba ta fasa ko rana ɗaya ba.

Ranar da ta kwance bandeji na ƙarshe, sabuwar fata ta rufe wurin. Ta ce wa Inna an gama. Tsoho ya taka ƙasa a hankali, ya sake takawa da ƙarfi. Ta tattara kayanta, ta kai bakin ƙofa, sai ya yi gyaran murya, har yanzu yana kallon bango.

"Amina, hwaɗa mata Allah shi yi mata albarka." Ya sake taka ƙafar. "Kuma hwaɗa mata abokina Ɗan Baba, mai ɗinkin komar kifi, shi ma wata guda ke nan shina ɗingishi, ya ce kar in gaya ma kowa. Ta biya ta can."